Launin Mayafin Mama

Hoton mahaifiyarsu guda ɗaya ne ya rage, shi ma a waya. Na takarda kuwa, ruwa ya cinye shi shekarar da rufin ɗaki ya yi yoyo. Kafin nan wansu ya taɓa kwafarsa da injin ofishinsu, sai dai da yake mutum ne mai tsimi ko inda ba a roƙe shi ba, ya adana shi fari da baƙi don kada fayil ɗin ya yi nauyi.

Auta ce ta matsa a je wurin mai gyaran hoto. Tana shekara uku uwar ta rasu, ba ta riƙe komai ba, kuma so take ta ga mayafin da ke hoton da launinsa. Yaya, babbarsu, ta raka ta. Ita ce ma'ajiyar labarin Mama a gidan, ba a taɓa tambayarta wani abu ta ce ba ta sani ba.

Shagon ƙarami ne, kujerar roba ɗaya, fanka na kaɗa takardu. Mai hoto ya buɗe hoton a kwamfuta, ya yi ta ƙara masa girma har mayafin ya koma ƙananan murabba'ai masu ruwan toka.

"Hoto mai kala, kowane ɗigo lamba uku ake ajiye masa," in ji shi. "Ta ja, ta kore, ta shuɗi. Wannan kuwa lamba ɗaya ce, ta haske kawai. Kin ga nan, tamanin da bakwai."

"To ka dawo da ukun mana," in ji Auta.

"Ba ɓoye su aka yi ba, ƙanwata. Zubar da su aka yi."

Ya kwafi hoton gida uku, ya rina mayafin ja mai duhu, da kore, da shuɗi. Ya ce duk wanda aka mayar fari da baƙi a cikinsu, tamanin da bakwai ɗin zai bayar. Kwamfuta ba za ta raba gardama ba, sai wanda ya gani da idonsa.

Auta ta juya. "Yaya, wanne ne?"

Yaya ta matso da kujera. Ta tuna ƙamshin mayafin, ta tuna bakinsa da ya zare, har ƙusar da ake rataye shi. Launin ne babu. Duka ukun sun yi wa Mama kyau, duka ukun kuma babu wanda idonta ya shaida. Tsoro ya kama ta, ga Auta ta zuba mata ido.

"Koren," ta ce.

"Kin tabbata, Hajiya? Kore shar ko mai ɗan shuɗi-shuɗi?" in ji mai hoto.

"Haka yake. Kar ka taɓa."

Mai hoto ya adana fayil ɗin, ya karanto lambobi ukun na koren. Auta ta ari biro ta rubuta su a tafin hannunta, tana ta murmushi.

"Wallahi Yaya, dama raina ya ba ni kore ne. Ashe ban manta da ita duka ba."

Yaya ta ce su tafi, rana na yi.