Goshi da Goshi

Yankan bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma tawul ya jiƙe sharkaf jinin bai tsaya ba. Dogo, makanikin da garejinsa ke manne da shagona na aski, yana kallon madubi yana min tsiya, wai hannuna ya tsufa. Ni kam ban yi dariya ba. Da ya ɗaga wuya na ga ɗige-ɗige ja har ƙirji, kamar an barbaɗa masa barkono, ga tabo baƙi-baƙi a damtsensa da ya rasa inda ya samo.

Sai da matarsa ta sa masa kuka ya je asibiti. Likita ya ce garkuwar jikinsa ce ta rikice, ta koma cinye ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Aka ba shi magani, aka ja masa kunne kada wani abu ya kuskura ya bugi kansa. Matar ta naɗe saman ƙofa da tsumma, ta hana shi shiga ƙarƙashin mota. Mutumin da bai iya zaman banza ba ya koma ɗumama min benci.

Ran nan autarsa ta sheƙo a guje daga makaranta. Ya sunkuya zai ɗauke ta, ita kuma ta daka tsalle. Ƙum, goshi da goshi. Ta ɓare baki, shi ya hau lallashi yana hura mata wurin.

Na ce ya tashi mu tafi asibiti, ya ce kan ɗan tsako ne zai kai shi gado? Ban saurare shi ba, na tare mota. Muna hanya ya fara cewa kansa ya yi nauyi, sai amai, sai harshe ya soma karyewa. Ya damƙe hannuna.

"Maƙwabci, kada uwarta ta ji. Kada a bar wa yarinyar nan nauyin abin nan."

Kafin rana ta faɗi jini ya gama taruwa a kansa, ya cika.

Bayan an share makoki matar ta tsaya a ƙofar shagona, idanu a kumbure.

"Kai kana wurin. Me ya buge shi?"

"Ban ga komai ba," na ce.

A bayana autar ta haye kujerar aski, ƙafafunta na reto. Tana leƙa madubi, tana danna ɗan ƙulun goshinta da yatsa.