Sallamar Haruna

Ni asalin sana'ata gyaran rediyo da talabijin ne. Kwamfuta da rana tsaka na koye ta, ina riƙe wa wasu injiniyoyi sukundireba ina satar kallo. To amma a Sakkwato ta 1997, lokacin soja, masu kwamfuta a gida ba su cika yatsun hannu ba, don haka duk wanda tasa ta yi tari sai a ce a nemo Hayatu.

Ina shagona a Unguwar Rogo wata safiya sai ga Sadiyatu, ƙanwar abokina Haruna, malamar makarantar 'yan mata. Ko zama ba ta yi ba.

"Hayatu, Baba shina kiranka. Na'urar Haruna ta ƙi tashi."

Haruna abokina ne tun firamare. Gwamnati ta tura shi Turai karatun injiniya sa'ad da kuɗin mai ke ambaliya, ya dawo bai canza hali ba, tsokanarsa na nan. Sanƙarau ya ɗauke shi a bazarar da ta wuce, cikin 'yan kwanaki. Har yanzu in na bi ta unguwarsu, Gidan Dare, sai na ji kamar zai leƙo daga zaure ya ce mini baƙin makanike.

Mahaifinsu, Alhaji Jinaidu, babban mahauci ne, mutum mai murya kamar ganga. Ranar jana'iza shi ne ke ba mutane haƙuri. Lokacin da Haruna ya sayo kwamfutar, Alhaji ya dube ta sama da ƙasa ya ce abin da ba ya sallama ba ya shiga gidansa. Haruna bai yi musu ba. Ya ɗauki muryarsa ya sa a ciki, ta yadda duk aka kunna ta, da ta gama tashi sai ka ji: "Salamu alaikum, Baba. An kwana lahiya?" Ranar har Alhaji sai da ya yi dariya. Bayan rasuwar kuwa, kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya shiga ɗakin Haruna, Sadiyatu ta kunna masa. Babu wani kaset ko wani abu da ya rage mai muryar Haruna in ba wannan ba.

Na tarar da shi zaune a kan kujera 'yar tsugune, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, na danna makunni. Fitila ta kawo, fararen rubutu suka gudana, hoton gajimaren da take nunawa kafin ta gama tashi ya fito. Sai na ji wani sauti daga cikin akwatin, ƙas, ƙas, ƙas, fuskar ta koma shuɗiya, na'urar ta mutu ta sake farawa daga farko. Haka take ta yi tun makon jiya, in ji Sadiyatu.

Na kwance akwatin. Na hure fanka, na zare wayoyi na mayar, na goge duk abin da ke goguwa. Na sa nawa faifan filofi, irin wanda ake zurawa daga waje, ta tashi da shi lafiya lau. Wato na'urar kanta ƙalau take. Faifan ajiya da ke cikinta, inda muryar take, shi ne ke mutuwa.

"Wa ka kashe ta in an gama?" na tambayi Sadiyatu.

"Baba, da kainai. Da ya ji gaisuwar sai shi danna makunnin bango."

Nan na gane. Kamar rediyo yake kashe ta, faifan na tsakiyar juyawa, kullum safiya, wata da watanni. Babu wanda ya taɓa gaya masa ba haka ake yi ba, wanda zai gaya masa yana ƙasa.

"Mi yas same ta?" in ji Alhaji.

"Zahin garinmu na, Alhaji. Ba su son zahi."

Wa zai iya gaya wa tsoho cewa hannunsa ne? Ni dai ban iya ba. Na ce masa in aka sa sabon faifai za ta dawo kamar sabuwa.

"Da muryar?"

"Babu muryar, Alhaji."

"To mi za ni yi da ita? Ni ba rubutu nika yi ba. Ka hiddo mani yarona kawai."

Dabara ɗaya ta rage mini, wadda na taɓa gani a wurin injiniyoyin nan. Faifan da ke gargara, in ya sha sanyi sosai, wani lokaci yakan yarda ya yi aiki na ɗan taƙi kafin ya cika. Gidan mahauci kuwa ba a rasa firiza. Na naɗe faifan a leda na ƙulle tam, muka cusa shi tsakanin cinyoyin raguna. Wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba, ga wahalar mai, layin gidan mai har ya sha kwana. Alhaji ya aika aka sayo galan a hannun 'yan bumburutu aka tayar da janareta a can bayan gida.

Ban san sunan da Haruna ya ba muryar ba, ban san lungun da ya ajiye ta a cikin faifan ba, kuma faifan ba zai jira ni in yi lalube ba. Sai na koma shago na ɗauko rikoda da sabon kaset. In ta tashi ta yi gaisuwar, rikoda ta kama. In Allah ya ƙara mata numfashi, in nemo muryar in kwafe a filofi.

Bayan la'asar na ɗauko faifan, sanyinsa har cizon yatsa yake. Na haɗa shi da sauri. Aka kashe fankar ɗaki, aka rufe taga, aka kore awaki daga tsakar gida. Na jingina rikodar a bakin 'yar sifikar kwamfutar, wadda dama sautinta bai taka kara ya karya ba. Alhaji ya jawo kujerarsa har gwiwarsa na taɓa teburin.

"Alhaji, don Allah," na ce, "wagga dama guda ta. Kowa shi yi shiru. Ko tari kar a yi."

Ya gyaɗa kai. Na danna rikoda, na danna makunni.

Fararen rubutu suka wuce. Gajimare ya fito, ya tsaya, ya daɗe har na fara cire rai. Babu ƙas-ƙas. Sai fuskar ta washe, sifikar ta yi ɗan tsaki, muryar abokina ta fito siririya.

"Sala..."

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah! Haruna! Lahiya lau, ɗana, lahiya lau muka kwana!"

Da dukan muryarsa ya amsa, muryar da ake ji daga wannan ƙarshen mahauta zuwa wancan. Kafin ya rufe baki Haruna ya gama. Na kai hannu zan fara neman muryar, sai ƙas, ƙas, fuskar ta yi shuɗi. Na kashe na kunna, ko gajimaren bai fito ba. Muka mayar da faifan firiza, muka sake gwadawa gab da magariba. Wannan karon ko juyawa bai yi ba.

Na mayar da kaset baya na kunna. Ga gunjin janareta can nesa, ga "Sala" ƙarama, daga nan muryar Alhaji ta cika kaset ɗin. A ƙarƙashinta akwai wani abu kamar magana, amma ko ni da na san kalmomin ban iya tsinto su ba. Sadiyatu ta rufe fuska da mayafi ta fita. Ni kuwa na kashe rikodar.

"Na ji ka, Hayatu," in ji Alhaji, bai dube ni ba. "Wallahi na ji abin da kac ce. Amma yaro ya yi mani sallama."

Na fara tattara sukundirebobina.

"Maido shi baya," ya ce.

Na mayar, na danna. Ya sunkuya ya manna kunnensa a jikin rikodar, ya sa tafin hannu ya toshe bakinsa da ƙarfi.