Allura a Kan Tara

Ƙarfe huɗu na yammar Asabar, hadari ya haɗo daga gabas, Mai Eriya na zaune gaban rediyonsa na kiran nesa, ya ƙura wa allurar mitar da ke auna ƙara ido. Wata uku ke nan tana tsaye a kan tara, lasifika kuwa sai shuuu kamar ana suya. Wata uku bai ji yayansa ba, wanda ke aiki a jirgin kamun kifi inda waya ba ta kaiwa, sai ta rediyo suke gaisawa duk Asabar.

Maƙwabcinsa Injiniya, wanda ya koya masa harkar, shi ya auna masa tun farko. Ya zare wayar eriya, allura ta kwanta. Ya mayar, ta miƙe.

"Rediyonka garau yake, ƙanena," ya ce. "Ƙarar sama ce. Bana rana ce ke bori, sai haƙuri."

Mai Eriya ya yarda, har yana rubuta awon kullum a littafi.

Yau kuwa, kwatsam allura ta faɗo kan biyu. Ɗakin ya yi tsit, sai ga murya can ƙasa-ƙasa: "Auta, kana ji na? Auta..."

Kafin ya danna makirfo, shuuu ta dawo.

Ya fito ba takalmi. A ƙofar gidan Injiniya ya tarar da matar gidan riƙe da tsintsiya.

"Anti, kun kashe wani abu yanzu?"

"Inbatan sola ne mai ba mu wuta, na ɗan kashe na share bayansa. Au, ya dame ka? Ai tun ranar da aka kafa shi, wata uku ke nan, maigidan ya ce zai toshe maka kunne. Na zaci kun yi maganar."

Injiniya ya leƙo ta taga da ƙaramin tawul a wuya. Suka haɗa ido.

"Yaya, ashe samar a ɗakinka take?"

"To firij fa? In kashe don ka yi hira?" Ya ja labule.

Iska ta taso, Mai Eriya ya ga igiyar da ke riƙe da sandar eriyar Injiniya ta kwance, sandar tana layi a kan farantan sola. Ya kama igiyar, ya ɗaure ta tamau da irin ƙullin da Injiniyan ya koya masa.

Labulen bai motsa ba. Ruwa ya sauko, ya koma ɗaki ya rufe littafin awon.