Wuƙar da Manu Ya Ƙona

Duk Matameye wuƙa ɗaya ce ke iya sara gurbi a cikin ramin fuli, faifan ƙarfen da bel ke juyawa, gurbin nan da ɗan ƙarfe ke shiga ya riƙe fuli da sandar inji. Ta Baba Sha'ibu ce, tsohon da ya koya wa Manu aikin ƙarfe. Kullum naɗe take cikin tsumma kamar jinjiri, dokarta kuma ɗaya: a yanka a hankali, ana ɗiga mai.

Wata Juma'a Manu ya aro ta. Gwangwanin mansa ya ƙafe, ga shi yana gudun kada ya rasa sahun salla, sai ya ce yanka ɗaya dai ba zai kashe wuƙa ba. Sauri ya haifi nawa. Bakin wuƙar ya yi zafi har ya koma shuɗi. Manu ya sani sarai ƙarfen da ya yi shuɗi ƙarfinsa ya tafi, amma ya goge shi da dutsen washi har ya yi ƙyalli, ya naɗe, ya mayar, har da godiya.

Bayan kwana shida Zakari, mai injin niƙa a Ɗan Barto, ya kawo wa tsohon fuli. Wuƙar ta riƙa zamewa, gurbin ya fito a karkace, injin bai yi wuni ba ya tofar da fulin. Zakari ya dawo ya zazzage bakinsa a gaban mutane, ya ce wanda idonsa ya gaza ya koma tabarma.

Manu ya ji labari a shagonsa. Sau uku yana kama hanyar shagon tsohon yana juyawa daga bakin tasha. Kunya ce da tsoro, babu wani suna da za a ba su.

Ƙarshe tsohon ne ya zo da kansa, da tsumman a hannu.

"Manu, na rufe shago. Shekara arba'in hannuna bai karkace ba, yanzu ido ya ce ya gaji. Ungo."

"Baba, ni?"

"Wa zan ba? Duk waɗanda na koya wa, kai kaɗai ne ban taɓa ganin ka yanka babu mai ba."

Da marinsa ya yi, da ya fi sauƙi. Manu ya karɓi tsumman ya dube shi. In ya yi shiru, wuƙar ta zama tasa, mutuncinsa kuma yana nan, tsohon ya koma gida ya zauna da laifin da ba nasa ba. Har Baba Sha'ibu ya juya yana laluben takalminsa.

Manu ya durƙusa cikin garin ƙarfe, ya ajiye wuƙar a gaban tsohon.

"Baba, tsaya. Ba idonka ba ne."