Mai Sauraro Daga Deptford

Tunda Nata'ala yake a duniya hanya ɗaya ya sani ta gwada taya, ya sa ƙafa ya haure ta. In ƙafar ta yi zafi, taya lafiyarta ƙalau. Haka ya ga direbobin Kano suna yi, kuma shekara shida a Landan ba su raba shi da wannan ilimi ba.

Matarsa Shafa'atu tana ɗauke da cikin fari, watansa tara, ga sanyin Janairu ya sa tituna sun yi santsi. Tayoyin motarsa kuwa sun suɗe tas kamar kan mai sanƙo. Kullum sai ta ce, "Maigida, a canza tayoyin nan."

"Jibi, in sha Allahu," in ji shi. Jibin Nata'ala kuwa ba ta taɓa zuwa.

Babban burinsa shi ne ranar haihuwa ya kai ta asibiti da kansa. Ya bi hanyar sau bakwai yana auna mintoci, ya sayi bargo da dabino ya ajiye a but ɗin motar. Tayoyin ne kaɗai bai ga laifinsu ba.

Aikinsa gabatar da shiri a wani gidan rediyon Hausa da ke Marylebone. Ranar Talata aka ba shi takarda kan tuƙi a lokacin ƙanƙara, ya gyara murya ya shiga wa'azi. Ya ce a ɗauko kwandalar Ingila ta 20p a cusa cikin zanen taya, in bakinta bai nutse ba, tayar ta gama aiki. Bai taɓa gwadawa ba, amma wanda ya ji shi sai ya rantse a gidan mai faci aka haife shi. Har ya ƙara da nasa gishirin, ya ce mai sakaci da taya ba ya ƙaunar iyalinsa.

Sai aka buɗe layin masu sauraro.

"Salamu alaikum, Malam Nata'ala. Shafa'atu ce daga Deptford."

Ya gane muryar, amma ya dake. "Wa alaikumus salam, Hajiya. Muna jinki."

"Ga ni tsugune gaban wata mota da kwandalar. Na cusa, ta faɗi ƙasa. Ba zanen ma da zai riƙe ta."

"To... a gwada ɗaya tayar."

"Na yi checking duk huɗun, Malam. Ɗaya ma ina hango fuskata a jikinta. Motar mijina ce. Me za ka ce masa?"

Injiniyan sauti ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Nata'ala ya ce, "A yi masa uzuri, Hajiya. Wataƙila jibi..."

"Ka gaya masa jibin ta zo. Naƙuda ta fara. Maƙwabciyata Fauzia za ta kai ni a motarta, ita tata kwandalar ta nutse."

Ƙit, ta kashe waya.

Abin da masu sauraro suka ji bayan nan shi ne faɗuwar kujera da salati. Ya fita ko kwat bai ɗauka ba, ya faɗa tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana haki. Kunyar rediyo ba ta dame shi ba kamar baƙin cikin cewa ranar da ya daɗe yana shirya wa ta zo, wata ce ke riƙe da sitiyari. Kafin ya isa asibiti Fauzia ta riga ta yi komai, har ta sha shayi. Da la'asar aka haifi 'ya mace, ya yi mata huɗuba hawaye na zuba.

Ranar sallama ya zo da mota da sababbin tayoyi huɗu, baƙi ƙirin. Shafa'atu ta tsaya a ƙofar asibiti rungume da jaririya, ta miƙa masa kwandalar. Ya durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar ƙanƙara da farar shaddarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cusawa. Da ya gama da ta huɗu ya miƙe, ƙafarsa ta ɗaga da kanta za ta haure ta, ya dubi 'yarsa, ya mayar da ita ƙasa a hankali.

Suka kama hanyar gida yana tafiyar hawainiya, bas uku a bayansa suna ta hon.

"Maigida, ka ɗan ƙara wuta mana."

"Jibi," in ji shi.