Sandar Ƙofar Gidan Malam Na'Allah

"Ba ni shiga in shina ciki," in ji Malam Jinaidu. Ya toge a bakin zauren maƙwabcinsa Malam Na'Allah, yana hararar takalman da ke ajiye. Ya san mai su sarai. Malam Mani ne, masanin hisabi da tafiyar rana, wanda ya karɓi aikin koyarwa a makarantar da Nasara suka buɗe.

Muryar Na'Allah, da ke kwance ba lafiya, ta fito a dishe. "Jinaidu, zauren ga nau na ko naka? Shigo."

Ya shiga don ba yadda zai yi, ya raɓe can ƙarshen tabarma kamar wanda aka ce akwai ƙaya a tsakiyarta.

Nahawu kaɗai Na'Allah ke karantarwa a unguwar Ƙofar Rini, amma duk Alhamis, ranar da ba karatu, yakan tara malamai da ɗalibansu. Ya kafa wata sanda a ƙofar gida. Jinaidu yakan karanto abin da fiƙihu ya ce kan shigar Azahar da La'asar, Mani kuma ya auna inuwar sandar, ya nuna yadda take ƙaruwa da raguwa da juyawar shekara. Tun da Mani ya shiga aikin Nasara, Jinaidu ya ɗauke ƙafa, zaman ya watse. Yanzu masallatai biyun unguwar kowanne da lokacin da yake kiran La'asar, har matan gida sun rasa wanda za su bi.

"Ɗalibanka sun san hukunci, ba su iya awo ba," in ji Na'Allah yana haki, idonsa a kan Jinaidu. "Na Mani sun iya awo, ba su san mi za su yi da shi ba. In na tahi, wa ka tara ku?"

"Allah shi ba ka lahiya, Malam," in ji Jinaidu.

"Bar zancen lahiya. Ga wasiyyata: ku biyu za ku yi man wanka. Guda shi zuba ruwa, guda shi cuɗa."

Jinaidu ya ji haushi ƙwarai. Ya laluba duk karatunsa ko zai sami mafita, bai samu ba. Tsohon nan ya ɗaure shi tamau.

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Aka kewaye wurin wanka da zana, Jinaidu ya naɗe hannu da ƙyalle, Mani ya ɗauki buta. Aikin kuwa ba ya yiwuwa sai da magana.

"Zuba," in ji Jinaidu.

Ya zuba.

"Gefen dama tukuna. Ƙara kaɗan."

Da suka zo kan gemu, butar ta karkace a hannun Mani, ruwa na zuba a ƙasa. Kuka yake yi ba sauti. Jinaidu ya dube shi, tausayi ya kama shi ba shiri. Ya riƙe masa tsintsiyar hannu har ruwan ya daidaita.

Sadakar uku ta faɗo ranar Alhamis. Da jama'a suka fara watsewa, Jinaidu ya ga wani ɗan ta'aziyya ya ɗaure jakinsa a jikin sandar, har ta karkace. Ya kwance jakin yana mita, ya durƙusa ya miƙar da ita.

"Mani, ta yi daidai?"

Mani ya matso ya kanne ido ɗaya. "Maishe ta gabas kaɗan."

Ɗaliban da suka sa takalma za su tafi suka dawo suka tsuguna. Jinaidu ya danne ƙasa a gindin sandar da tafin hannu, Mani ya share tsakuwa daga inda inuwar ta kwanta.