Zaman Kotu na Ƙarshe na Kak Zaleha

"Matse shi sosai, Murni, kada ya zame a gaban alƙali."

Ina tsugune a ɗakinta ina rage mata siket da fil, domin ciwon hanta ya rame da ita har kayanta sun koma kamar na aro. Kak Zaleha, wato Yaya Zaleha a yaren Malay, lauya ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a garin Ipoh. Tun da ƙuruciya ta ƙi aikin manyan kamfanoni, ta kama ofis a saman shagon mai gyaran babur, tana tsaya wa mutanen da bashi ya durƙusar har kotu ta ce sun karye.

"Kak, likita fa cewa ya yi ki kwanta."

"Ya faɗa min abin da ya rage min, bai faɗa min inda zan yi shi ba. Miƙo min kwat."

Shari'ar ta Boon Hock ce, wani direban tasi da ya tsaya wa surukinsa aka ba shi rancen banki. Suruki ya gudu, bashi ya dawo kansa. Shekara da shekaru ba ya iya buɗe asusu, ba ya ƙetare iyaka sai an ba shi izini. 'Yarsa ta haihu a Singapore, har yaron ya fara tafiya kakan bai taɓa ɗaukarsa ba.

A ƙofar kotu muka same shi. Da ya ga na sauko da ita a keken marasa lafiya, sai ya sunkuyar da kai, ya kira ta da Puan, wato uwargida.

"Puan, a ɗage zaman mana. Ni na saba da jira."

"Sabon nan naka shi ya hana ni kwanciya. Tura ni, ai tuƙi sana'arka ce."

A ciki, lauyan banki ya miƙe cikin ladabi ya roƙi a ɗage, wai don tausayin halin da abokiyar aikinsa take ciki. Kak Zaleha ta dafa tebur ta tashi.

"Ya mai shari'a, lafiyata ba ta cikin ƙarar nan. Wannan mutum ko sisi bai ci ba. Abin da aka yanka masa duk wata bai taɓa fashi ba, har shekarar da aka yi masa aikin ido. Doka ta bar ƙofar fita. In ba a buɗe masa ba, wa aka ajiye wa ita?"

Na miƙa mata ruwa, ta kurɓa ta ci gaba. Ba ta zauna ba sai da alƙali ya ce an sauke wa Boon Hock karayar.

A baranda ya rufe fuska yana kuka.

"Ka jiƙa mutane," in ji ta. "Je ka yi fasfo. Kuma kada na ji ka tsaya jiran jana'izata."

A hanya ta sa na tsaya a shagon kofi. Ta riƙe kofin tana shaƙar tururin har ya huce, ba ta iya sha ba.

Daga ranar ba ta ƙara taka ƙasa ba. Tana kwance ta kira wata lauya da ta taɓa koyon aiki a wurinta, ta danƙa mata sauran shari'o'in ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Wannan matar tsoron kotu take yi, ki riƙa zuwa ɗaukarta." Ranar Alhamis bayan la'asar ta cika, ina kusa da ita.

Washegari layinmu ya cika da mutanen da ban taɓa gani ba, Malay da Sinawa da Indiyawa, masu sayar da kifi da masu gadi, takalmansu jibge har bakin kwata.

Da yamma, bayan kowa ya watse, hadari ya haɗo daga wajen duwatsu. Na zagaya bayan gidanta na tarar da mayafanta a kan igiya. Na kwashe su ɗaya-ɗaya. Da sauran ɗumin rana a jikinsu.